Mutumin da Ke Kan Kabarin Baba Miloje

Lokacin da surukata Ljubinka ta rasu, dutsen kabari mai faɗi na mutum biyu aka saya. Aka zana fuskarta a hagu tana amarya, aka bar dama fayau ana jiran mijinta, Baba Miloje. Ya daɗe bai bi ta ba. Da shekara ta kusa zagayowa da rasuwarsa, ƙanwar mijina Radmila ta zo daga Jamus, inda take jinyar tsofaffin mutane, don a cike gurbin kafin ranar addu'a. Nata tsohon ni na yi jinyarsa, amma ba a cika tuna wannan ba.

Hoton ranar aurensu ta ce tana so, wanda aka ciro fuskar Inna daga cikinsa tun asalinsa na takarda yana nan.

Mijina Zdravko shagon gyaran kwamfuta gare shi kusa da tashar mota. Shekarun baya, da aka sayar da gidan ƙauye, shi ya kwaso kwalin hotunan iyali ya shigar da su kwamfuta ɗaya bayan ɗaya. A lokacin intanet ɗinmu ta layin tarho take bi, sai ka dafa kofi ka shanye hoto guda bai gama tafiya ba. Radmila tana ta bugo waya a turo mata, imel ɗinta yana ta maido su wai sun yi nauyi. Sai ya matse su. Ya matse ya ƙara matsewa, har dukansu suka shige faifai ɗaya. Ina tuna shigowarsa kicin yana kaɗa faifan a sama, yana cewa, "Slavica, duba! Gidanmu kaf a tafin hannu." A ɗan allon kwamfutar wancan zamanin ba ka ganin wani bambanci. Manyan hotunan da ba a matse ba ya goge su don yana bukatar wuri. Na takarda kuwa suna ɗakin ƙasa har shekarar da kogi ya yi ambaliya, muka kwaso su sun manne sun zama curi guda.

Mu uku muka je wurin Vukašin mai sassaƙar dutse. Ya sa faifan, ya buɗe hoton, ya ƙara masa girma daidai yadda zai zauna a dutse. Ya cire tabarau ya goge ya mayar.

"Zdravko, wannan ai tayil ɗin banɗaki ka kawo mini. Ina idon? Ina hancin?"

Gaskiyarsa. Kan Baba ya koma 'yan murabba'ai masu launin toka, an jera su.

Radmila ta ce, "To warware shi mana, Yaya. Ba kai ka matse ba?"

Zdravko ya ce matsi iri biyu ne. Akwai wanda ake ninkewa kawai, in an buɗe komai ya dawo. Akwai wanda ake zubar da abin da ido ba zai lura da shi ba. Na biyun ya yi.

"Ka zubar ina?"

"Babu ina. Ya tafi."

Muka duba na cikin waya. Duk na bayan da Baba ya samu shanyewar jiki ne, bakinsa ya karkace, don da lafiyarsa Baba ba ya tsayawa a ɗauke shi. Radmila ta ce ba za a sa ubanta da karkataccen baki kusa da amarya ba. Muka je wurin Gwaggo Desanka, yayar Baba. Ɗaya ne da ita, na ranar yankan alade, ya juya baya yana riƙe da bokiti.

Zdravko ya rufe shago ya zauna kan abin. Akwai manhajar da ake ba ta hoton da ya lalace ta cike abin da babu. Ya ba ta, ta cike. Ya kira mu muka tsaya a bayansa. Wani kyakkyawan saurayi ne, fata sumul, hanci miƙaƙƙe, kamar mai karanta labarai a talabijin. Baba kuwa doki ya taɓa harbinsa yana yaro, tabo ya raba masa gira biyu, idon wajen ya fi ɗan'uwansa ƙanƙanta. Zdravko ya gwada sa tabon da hannu, sai saurayin ya koma ɗan daba.

A kan teburin abinci abin ya fashe. Na yanka gibanica, burodinmu mai cuku, ba wanda ya taɓa.

Zdravko ya ce, "A bar wurin haka. Suna da shekara sun isa."

Radmila ta ce, "Don a ce 'ya'yan Miloje ko hotonsa ba su da shi? Kai ka saba da kunyar garin nan, ni ban saba ba."

"Ai ba kya nan, ina za ki saba?"

"Abu ɗaya aka bar maka, Yaya. Kwali ɗaya!"

"Kwali ɗaya? Wa ke ɗaga shi daga gado? Wa ke wanke shi? Tambayi Slavica. Kuma wa ya dame ni da waya, turo, turo, sun yi nauyi, rage su?"

"Na ce ka rage, ban ce ka goge masa fuska ba."

Ya miƙe ya fita, kujerar ta faɗi. Radmila ta dube ni tana jiran in ce wani abu. Na ɗaga kujerar na kwashe kwanuka. Washegari ita kaɗai ta kai wa Vukašin hoton saurayin.

Ranar addu'a mutane sun zo sosai. Limamin coci ya yi karatu, aka zuba giya a kan kabari, aka raba dafaffiyar alkama. Maƙwabta suka riƙa matsowa suna duba dutsen suna gyaɗa kai. Wata ta ce, "Kai, kamar zai yi magana." Mutanen da suka yi rayuwa da Baba ke nan, suka sha barasa a teburinsa.

Aka riƙo Gwaggo Desanka aka kawo ta gaba. Ta jingina da sandarta, ta kai fuska dab da dutsen, ta daɗe tana kallo. Kurma ce, ba ta san ƙarfin muryarta ba.

"Wane ne wannan kusa da Ljubinka?"

Wani a baya ya yi dariya ya mayar da ita tari. Radmila ta sunkuya a kunnenta ta ɗaga murya yadda kowa zai ji: "Tambayi ɗanki, Gwaggo. Shi ne injiniya."

Zdravko ya ajiye kofin alkamarsa a kan kabarin maƙwabta ya bi hanyar ƙofa. Bai zo cin abinci ba. Radmila ta koma Jamus ba su yi sallama ba, ni ta bar wa saƙo wai in riƙa share wurin.

Ni da Zdravko muna zuwa kabarin ranakun Asabar. Ni nake tsayawa a gaba in kunna kyandir, in canja ruwan furanni. Shi zagayawa yake yi ta bayan dutsen, inda babu rubutu babu zane, ya cire hula ya tsaya. Sau ɗaya na ce masa, "Zo nan mana, mutane suna kallonka."

Ya ce, "Bar su su kalla," ya durƙusa yana tuge ciyawa.