Robar Da Injiniya Ya Rufe

Shekara talatin da ɗaya yana gyaran famfo, kuma a iya saninsa cutar bututu biyu ce: ko ya toshe, ko ya yi yoyo. Matarsa ce ta laƙaba masa Injiniya don tsokana, har sunan ya bi shi kasuwa. Shi kuma Sarauniya yake ce mata, don ko tsintsiya za ta miƙo maka sai ka ji kamar umarni ne.

Ranar da likita ta zaunar da shi ta ce kansar da ta faro daga ƙwan mahaifar matarsa ta bazu ta shaƙe hanji, shi ya sa take amai kwana tara, sai bawan Allah ya ji an shigo fagensa.

"To a yanke inda ya toshe a haɗa mana, likita. Haɗi ne kawai."

"Baba, wuri huɗu muka ƙirga, kuma jikinta ba zai ɗauki tiyata ba. Abin da za mu iya, mu sa mata 'yar roba ta fatar ciki zuwa tumbi. Duk abin da ya taru zai riƙa fita cikin leda. Amai zai tsaya, ta samu ta kurɓi ruwa da shayi, ku koma gida."

"Ta warke ke nan?"

"Ta huta," in ji likita.

Ya ji, amma jin kunne ne.

Suka koma gida. Nas na zuwa kullum da safe ta yi allurar kashe ciwo, ta duba roba. Amai ya tsaya cak. Injiniya ya kafa ƙusa a jikin gado ya rataye ledar, har da gwada tsayi don ruwa ya samu gangara. Sarauniya ta ce ai ko da ciwonta sai da ya samu kwangila.

Sai dai ido ba ya ƙarya. Za ta sha shayi da madara, kafin ya wanke kofin sai ya gan shi a leda, launinsa ko sauyawa bai yi ba. Ita kuwa kullum sai ƙara zubewa take. Zoben hannunta ya faɗi cikin zanin gado sau biyu. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa sani ba. Ya yi lissafinsa na sana'a: tankin da ke yoyo ba ya cika, ko rijiya aka juye masa.

Akwai wani ɗan maƙalli a jikin robar, wanda nas ke dannewa in za ta sauya leda. Ran nan bayan ta tafi, ya dama madara mai kauri ya ba matarsa cokali-cokali, yana lallashi. Da ya zo gyara mata bargo sai ya danne maƙallin. Ya fita tsakar gida har da fito, karon farko cikin wata biyu.

Kafin rana ta karkata cikinta ya kumbura ya yi tauri. Ya jiyo kakarinta daga ƙofa. Ya tarar da koren amai a kan matashi, gumi ya jiƙe mata wuya, tana murƙususu. Hannunta ya bi robar ƙarƙashin bargo har ya cim ma maƙallin. Tana ta tura shi da babban yatsa, ƙarfin buɗewa babu.

Ta ɗago ido. "Injiniya, kai ne?"

"So nake ya zauna a jikinki." Ya nuna ledar. "Komai kika sha zubewa yake, Sarauniya. Ina zaune ina kallo kina ƙarewa cikin leda."

"To ina zai je? Kai ma ka san gaba a rufe take." Ta ja numfashi da ƙyar. "Ni ba aiki ba ce da aka kira ka ka gyara. Ba wanda zai ce ka kasa. Buɗe mini, don Allah. Na gaji."

Ya durƙusa gaban gadon. Hannun da ke kwance famfon da ya shekara goma da tsatsa, yau shi ya ɗora a kan ɗan abin da bai kai farce ba. Ya san in ya buɗe, ba zai sake rufewa ba, kuma ya san abin da hakan ke nufi.

Ya buɗe.

Ruwan ya taho da gudu, madarar da ya dama ce a gaba. A hankali kafaɗunta suka sauka, numfashinta ya daidaita.

"Gobe in nas ta tambaya," ta ce, idonta a rufe, "ka ce ni na kwanta a kai."

Ya tallabi ledar da hannu biyu don kada nauyinta ya ja mata fata. Tana ta cika a tafinsa, da ɗumin jikinta.