Shayin Hanya

Da baro aka fara. Na fito daga ɗakin girki na tarar da Dogo, mijina, ya ɗaure baron maƙwabta a bayan kekensa da igiyar shanya, yana tura keken da baya a tsakar gida, yana leƙen wani fasasshen madubi da ya maƙala a hannun keken. In ya karya dama sai baron ya yi hagu, har ya je ya ture min bokitin wanki. Ni da 'yarmu muka yi ta dariya har da riƙe ciki, shi kuwa ko a jikinsa. Wai haka tirela take, kan motar da bodinta ba sa shawara da juna, kuma duk wanda ya iya mayar da baro baya ya gama rabin karatu.

Karatun da yake nufi na makarantar koyon tuƙin manyan motoci ne. Wani kamfanin jigila ne ya buɗe ta, duk wanda ya kammala kuma ana ba shi mota da albashi da ranakun hutu. Dogo ya yi shekara da shekaru yana dakon buhuna a sito, har kafaɗarsa ta dama ta sauka ta bar ta hagu a sama. Da aka ce an ɗauke shi, gwajin lafiya kawai ya rage kafin a fara, sai da na zauna a bakin gado na yi kuka. Gurbin nan shi ne duk abin da muka sa rai a kai.

Ana cikin haka Kawu ya ji labari. Ƙanin mahaifiyar Dogo ne, tsohon direban tirela, wanda abokan aikinsa ke kira Mujiya saboda ba a taɓa ganin ya rufe ido a hanya ba. Yanzu hannunsa rawa yake yi, ko kofi sai ya tallabe shi da hannu biyu, haƙoransa na gaba kuwa sun daɗe da yin sallama da shi. Ya zo ya ga baro da keke, ya yi tsaki ya ce wannan wasan yara ne, daga gobe shi zai shirya ɗansa da kansa. Ni har godiya na yi masa, da durƙusawata da komai.

*

Kullum da safe sai su tafi garejin manyan motoci. Da farko Dogo kan dawo da labarai masu daɗi. An koya masa buga taya da ƙarfe ya gane iskarta daga ƙara, an koya masa jiran iskar birki ta cika kafin ya motsa, an nuna masa inda mutum zai tsaya kusa da mota direba bai gan shi a madubi ba. Yakan ci abinci ya yi min bitar duka, ya kwanta ya yi ta munshari kamar tsohon inji.

Sai munsharin ya ɗauke. Abinci ma ya koma sai ya ɗan taɓa ya ture. Mutumin da sai an ja bakinsa yake magana ya zama ta inda yake shiga ba ta nan yake fita ba, yana magana yana taune muƙamuƙi alhali babu komai a bakinsa. Ya wanke keke, ya sake wanke shi, ya kwance ƙofar banɗaki da lafiyarta ƙalau wai zai gyara. Na ɗauka ɗoki ne. Ranar da 'yarmu ta taɓa madubin nan nasa ya daka mata tsawar da ta sa ta saki fitsari a tsaye, ranar na san wannan ba ɗoki ba ne.

Na tambaye shi me yake ci a garejin. Ya ce babu komai sai shayin da Kawu ke zuba masa daga filas, wanda direbobi ke kira shayin hanya. Yana da ɗan ɗaci, amma in ka sha sai ka ji za ka iya ɗaga motar da hannu.

Ban jira ya gama ba na ɗauki mayafina.

Na samu Kawu zaune a kan tsohuwar taya a inuwar wata tanka, filas ɗin a tsakanin ƙafafunsa. Na gaishe shi yadda ya kamata, don duk abin da ke cina ban manta da girmansa ba, sannan na tambaye shi abin da yake sa wa a shayin. Na zaci zai yi musu. Ko kaɗan. Hannu ya sa a aljihu ya nuno min ƙwayoyin a tafinsa, 'yan ƙanana, kamar wanda ke nuna irin shuka.

"'Yata, gina shi nake yi," in ji shi. "Haka aka gina ni, haka muke gina duk wanda muke so. Mai kaya zai ce ya kai gobe da safe, tafiyar da ta fi ƙarfin kwana biyu. In ya ce zai kwanta, akwai goma a bayansa masu jiran makullin. Gara jikinsa ya saba da ƙwayar a gida, da ya fara sha a kan sitiyari da kaya a bayansa."

"Kawu, ai a makarantar an ce akwai hutu. Kuma za a gwada fitsarinsa."

Ya yi dariya har ina ganin dasashinsa. Ya ce hutu a bakin malamai yake, ba a kan kwalta ba. Gwaji kuwa, ai kowane direba ya san maganinsa: ana gobe mutum ya matse lemon tsami a ruwa ya yi ta sha, kafin gari ya waye ya wanke tas.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne ba mugunta ce ta sa shi ba. Da mugu ne da na san yadda zan yi da shi. Tsoho ne da aka matse shi kamar rake aka yar, ya tashi da hannu mai rawa yana miƙa wa ɗan 'yar'uwarsa abin da ya cinye shi, yana ganin gata ya yi masa. Masu motocin da suka mayar da barci laifi kuwa suna can a gidajensu, ba wanda ya taɓa tashinsu kafin su gama nasu barcin.

*

Da na faɗa wa Dogo, ya rantse ba zai ƙara sha ba. Ya cika alkawari na yini guda. Kansa ya yi kamar zai rabe, ya yi ta zufa yana kaɗuwa, ya kasa ko ɗaura igiyar takalmi. Washegari ya sulale ya tafi gareji, ya dawo garau yana kauce wa idona. Ya ce in yi haƙuri a wuce gwajin tukuna, ba zai je gaban likita yana karkarwa ba, daga nan zai bari.

Ana gobe gwaji Kawu ya aiko da lemon tsami cike da leda. Dogo ya wuni yana sha yana zarya banɗaki, har leɓɓansa suka yi fari.

Na raka shi asibitin kamfanin. Ido lafiya, kunne lafiya, hawan jini ne ya ɗan sa ma'aikaciyar ta ɗaga gira. Bayan an karɓi fitsari muka zauna a benci tare da sauran, kowa da sabon aski. Can ta leƙo ta kira shi, ni ma na bi bayansa. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce an ga abin da aka gani, kamfani kuma ba ya ɗaukar wanda aka samu da shi, za a ba na gaba gurbinsa. Dogo ya buɗe baki ya ce ai ya sha lemon tsami. Ta dube shi da tausayi ta ce shi ne na uku da ya faɗa mata haka tun safe.

A bakin ƙofar asibitin muka tarar da Kawu yana jira, tare da wani mai ƙaton tumbi da makullai a hannu. Ashe mai motoci ne, tsohon ubangidan Kawu. Ko jajantawa bai yi ba. Ya ƙare wa Dogo kallo sama da ƙasa kamar mai tayin rago, ya ce makaranta ɓata lokaci ce, shi yaron da Mujiya ya gina ya fi masa masu takarda. Lasisi ba matsala ba ne, ya san inda ake yi. Akwai mota da kaya, jibi za ta tashi.

"Baban yarinya, mu tafi gida," na ce, ina jan hannun rigarsa.

"In koma ɗaukar buhu?" Bai ko dube ni ba. Makullan yake kallo.

Mutumin da bai taɓa zama a aji ko na awa ɗaya ba, wanda bai taɓa juya tirela a kan titi ba, shi aka danƙa wa mota da kaya jibin. Ba wanda ya tambayi idonsa, ba wanda ya tambayi fitsarinsa.

*

Ya dawo bayan mako guda da tsakar rana, ya rame, wuyansa ya yi tsawo, yana warin man dizal. Ya ce ya kai kaya kafin lokaci, har mai motar ya yaba masa a gaban mutane. Na kai masa ruwa ya yi wanka, na tura 'yarmu maƙwabta, na saki labule na rufe taga don ɗakin ya yi duhu. Ya kwanta rigingine ya ce in tashe shi da la'asar, da yamma za su sake lodi.

Na zauna a bakin gadon ina yi masa fifita. Idanunsa a buɗe suke, jajur, suna kallon rufin ɗaki ba ƙiftawa. Na kira shi a hankali, bai amsa ba. A ƙarshen gadon, ƙafarsa ta dama tana ta danna katifa, tana saki, tana sake dannawa, tana neman birki.