Man Kaɗen Dabai

Shekara goma sha tara Indo ta yi tana zuwa Dabai daga cikin Zuru don ɗaukar man kaɗe a wurin Saloma. Saloma ke tsinto 'ya'yan kaɗe da damina, ta dafa, ta shanya, ta kai inji, sannan ta durƙusa kan kwano tana bugawa har man ya taso fari. Indo kuwa ita ta san hanya. Takan ɗora bokitai a mota ta kai Jega da Sakkwato, ta raba wa masu shaguna da masu yin sabulu, ta dawo da tsarabar albasa da labaran hanya. Saloma ba ta taɓa wuce Kontagora ba.

Tun abin yana ciniki har ya zama zumunci. Lokacin da aka aiko cewa mijin Saloma, Saja Abel, ya rasu a bakin daga, Indo ta ajiye sana'arta ta yi kwana bakwai a gidan, tana girka wa masu gaisuwa abinci, in lokacin salla ya yi ta shimfiɗa mayafinta a bayan rumbu. Saloma na kiranta Yaya, ita kuma tana ce mata Maman Praise, da sunan 'yarta ta fari.

Wata shekara bayan an gama girbi, Zumuntar Mata ta cocin su Saloma ta gayyato wata malamar makaranta mai suna Jessica ta koya wa mata talla ta waya. Saloma ta je ne don kada a ce ba ta je ba. Karatunta bai yi nisa ba, wayar ma Praise ce ta aiko mata daga Kaduna, ba abin da take yi da ita sai amsa kira. Amma malamar ta nuna musu cewa ba sai da rubutu ba. Ka danna nan ka yi magana, muryarka ta tafi. Ta koya musu ɗaukar hoto da hantsi, a inuwa, kan tsaftataccen zane, ta nuna musu yadda ake sa bidiyo a sitatus, inda duk mai lambarka zai gani, da yadda ake aika kaya ta hannun direbobin tasha. Cikin mako biyu Saloma ta fi kowa ganewa. Bidiyon da aka ɗauke ta tana bugun mai, hannuwanta na ƙyalli har gwiwar hannu, ya yi ta yawo daga waya zuwa waya.

Masu saye suka fara nemanta. Da farko mata biyu ne a Kaduna, sai wata mai haɗa man shafawa a Abuja, wadda ta ba ta shawarar ta daina zubawa a bokiti, ta sayi ƙananan robobi ta manna sunanta da lambarta. Saloma ta ji daɗin da ba ta taɓa ji ba. Shekaru ana shafa manta a garuruwan da ba ta sani ba, ba wanda ya san mai yinsa, yau ga mutane suna kiranta da sunanta suna yaba hannunta. Ta nuna wa Indo bidiyon. Indo ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce ita dai ƙaramar wayarta mai madannai ta ishe ta, idonta ba ya ganin waɗannan ƙananan abubuwa.

Ana haka wata rana da safe murya ta shigo daga Sakkwato. Wata Hajiya Farida ce, mai babban shagon kayan kwalliya. Ta ce ta ga bidiyon ta gane man, ashe Saloma ce mai man da Indo ke kawo mata duk shekarun nan. Ta ce tana son duk abin da Saloma za ta iya bugawa a wata, kai tsaye, ba sai ya bi ta hannun kowa ba.

Saloma ta saurari muryar sau huɗu. Ta san sunan Farida sarai, don Indo ta sha faɗa cewa wannan shagon ne rabin sana'arta. Ta yi kwana biyu ba ta amsa ba. Ta ce wa ranta manta ne, ƙarfinta ne, gwiwoyinta ne suka lalace a durƙuso. Ta ce kuma in ba ta karɓa ba wata za ta karɓa. A rana ta uku ta danna ta ce ta yarda.

Da Indo ta zo da bokitanta, Saloma ta kasa faɗa mata. Ta ce kaɗanya ba ta yi 'ya'ya sosai bana ba, mai ya yi ƙaranci, ta dawo mako mai zuwa. Robobin Farida kuwa suna jere a ɗaki an rufa musu tabarma. Indo ta jajanta mata, har ta yi alkawarin tambayo mata 'ya'yan kaɗe wurin matan garin Manga. Mako ya zagayo ta sake zuwa, aka ce mata injin niƙa ne ya lalace. Zuwa na uku Saloma ta bar saƙo wurin maƙwabciya cewa ta tafi biki, alhali tana cikin ɗaki tana jin muryar Indo a ƙofar gida, tana jin ƙarar bokitai sa'ad da ta juya.

Indo ta tafi Sakkwato hannu wofi don ta ba masu sayenta haƙuri. A shagon Farida ta tarar an cika kanta guda da fararen robobi, kowace da sunan Saloma. Ba ta kira ba, ba ta aiko ba. Direban tasha ne ya ba Saloma labari, yana ɗaure kaya, bai ma san abin da yake faɗa ba.

Daga nan Indo ba ta ƙara taka Dabai ba. Sauran masu shagunan ma ɗaya bayan ɗaya suka samu lambar a jikin roba. Sana'ar Saloma ta bunƙasa, ta ɗauki mata shida aiki, ta yi wa ɗakin bugu rufin kwano, har aka fara gayyatarta ta koya wa matan wasu ƙauyuka. Sau da yawa takan ɗauko lambar Indo ta kalla ta mayar da wayar cikin zane. Ta ce sai bayan Kirsimeti. Bayan Kirsimeti ta ce sai aiki ya lafa. Da ta ji cewa Indo ta saki ɗakinta na Zuru ta koma Dirin Daji wurin 'yarta Rufaida, sai da ta ƙara wata biyar kafin ta hau mota.

Ta same ta a ƙofar gida da rana tsaka, zaune kan kujera 'yar tsugune, gabanta tire na gishiri da daddawa a ƙulle. Ta rame, ƙafafunta sun kumbura. Indo ta karɓe ta da fara'a irin wadda ake yi wa baƙo, ta sa aka kawo ruwa, ta tambayi Praise da mutanen gida. Sai dai Madam take ce mata.

Saloma ta yi ta kewaye-kewaye, daga bisani ta faɗi abin da ya kawo ta. Ta ce tana neman wadda za ta riƙe mata tattara kaya a tashar Zuru, ba wadda ta san direbobi kamar Yaya. Indo ta girgiza kai, ta nuna ƙafafunta.

"Yaya, ki yafe mini," in ji Saloma. "Na cuce ki."

Indo ta gyara ƙullin daddawa, sannan ta yi magana.

"Man naki ne, kowa kika so ki sayar mishi. Ko ba ke ba, zamanin ya taho, da wata ta yi. Da kin ce mini, Yaya, ga abin da ya samu, da ni da kaina zan kai ki wurin Farida. Amma sau uku ina tahowa. Na ukun kuwa na ga takalminki bakin ƙofa."

Indo ta ce ta yafe tuntuni, ba ta son ta tafi kabari da riƙon kowa. Ta karɓi robar mai da Saloma ta kawo, ta yi godiya, ta miƙa wa Rufaida ba tare da ta buɗe ba. Wata mata ta zo sayen gishiri, Indo ta juya gare ta, hira ta yanke.

Rufaida ce ta raka ta tasha. A hanya ta roƙi lambar Malama Jessica, ta ce tana son ta fara tallar zannuwan gado. Saloma ta ba ta, ta ce in ta shirya ta zo Dabai ita ma za ta nuna mata abin da ta sani. Rufaida ta ce to, za ta tambayi Inna tukuna.

Motar ba ta cika ba sai bayan la'asar. Saloma ta samu wuri kusa da taga, ta zauna da jakarta a cinya har suka shiga Zuru.