Ranar da Eilif Ya Nemi 'Yarsa a Daji

Dusar ƙanƙara ta kwana tana zuba, har rassan itatuwa suka sunkuya don nauyi. Gunvor tana bin sawun mahaifinta tana haki, katakon zamiya ɗaure a ƙafafunta, sanduna a hannu. Eilif ya haura saba'in, amma in ya saki jiki a gangare, sai dai ta hango hularsa tana ɓacewa.

"Zaman birnin Oslo ya kashe miki ƙafa!" ya ɗaga murya. "Kakarki ma ta fi ki sauri, ga ta kuwa a kabari."

"Bari mu isa bukka, Baba. Za mu ga wanda zai fara roƙon kofi."

Bukkar tana bayan dutse. Shi ya gina ta, can kuma suke zuwa cin lemo duk Lahadin hunturu tun Gunvor tana yarinya.

A inda hanya ta rabu biyu ta cim masa. Yana tsaye, yana dube-dube, sanda ɗaya ta faɗi bai ɗauka ba. Da ta matso sai ya gaishe ta da ladabi, irin gaisuwar da yake wa baƙi.

"Sannu, baiwar Allah. Ko kin ga wata yarinya a hanya?"

Ta tuntsire da dariya. "Kai, Baba, wannan kuma sabon salo ne?"

Bai yi dariya ba.

"'Yata ce. Ƙarama, ko makaranta ba ta shiga ba. Yanzu take bayana."

Ta daina dariya. Ta tuɓe hula da tabarau, ta kai fuskarta dab da tasa.

"Baba, ni ce. Dube ni da kyau."

Ya dube ta, ya kau da kai kamar mai jin kunya. Sai ya juya ga daji ya ƙwala kira, "Gunvor!"

Jiya-jiyan nan mutumin nan ya gyara mata mota, yana yi mata faɗa a kan tayoyi.

"Wataƙila tafki ta nufa," in ji shi, ya karkata katakonsa hagu.

Ƙanƙarar tafkin ba ta yi kauri ba bana, shi da bakinsa ya gaya mata da safe. Ta cafke hannun rigarsa.

"Ba can ta yi ba. Na gan ta, ta gangara wajen titi."

"Kin tabbata?"

"Da idona."

Ya sauke numfashi, ya matse hannunta. "Na gode. Iyayenki sun yi tarbiyya."

Ta miƙa masa sandarsa, suka kama gangare a hankali, kafaɗa da kafaɗa. Yana tafe yana kira har muryarsa ta dushe. Can ya tsaya, ya juyo.

"Taya ni, don Allah. Muryarki ta fi tawa ƙarfi."

Gunvor ta goge fuska da safar hannu. Ta dubi farin dajin, ta cika ƙirji da iska mai sanyi, ta kira sunan kanta.