Zaman da Ban Kira Ba

Kwana uku aka ɗauke ni zuwa birnin Sinnar aka koya min yadda ake karɓar ƙarar macen da aka ci mutuncinta a wurin aiki. Ni ce Kausar, magatakarda a kamfanin gyaran riɗi na gefen garin Abu Na'ama, kuma ni kaɗai ce Bahaushiya a ofis, shi ya sa aka zaɓe ni. Malamar ta nanata mana abu uku har muka gaji: ki riƙe sirri, ki ji kowa shi kaɗai, kada ki yanke hukunci kafin ki ji wanda ake ƙara. Na dawo da takardar shaida ina hura hanci, har ƙannena na tsokanata da Alƙaliya.

Ba a yi wata ba Hadizatu ta shigo ta turo ƙofa. Tare muka tashi a layi ɗaya, mijinta ya rasu, ɗinkin bakin buhu take yi. Ta daɗe tana murza gefen mayafinta kafin ta ce Jibirin, shugaban ma'aikata, yana aikenta sito ita kaɗai, sannan ya biyo ta. Sau uku ke nan. Na ƙarshen har ya riƙe mata hannu ya tare ƙofa.

"Ke ɗai nig gaya ma, Kausar. Ko inna ba ta sani ba."

Na dafa ƙirji na ce ba mai ji.

Saura in ji ta bakin Jibirin. A nan na maƙale. Sa'an mahaifina ne, Kawu nake ce masa, kuma a garinmu ɗiya mace ba ta aika wa babba cewa ya zo tana nemansa. A Sinnar ba wanda ya kawo wannan a rai. Sai na yi abin da kowa ke yi, na je wurin Baba Attahiru mai unguwa na roƙe shi ya turo min shi ofis.

"Lahiya dai, ɗiyata?"

"Maganar aiki ce, Baba."

"Wace magana ta aiki ta da ba a hwaɗa min?"

Ya zuba min ido. Ban taɓa ƙin amsa wa dattijo tambaya ba tun da aka haife ni, kuma ranar ma ban iya ba. Na faɗa masa, ina ta haɗa shi da Allah kada ya gaya wa kowa. Ya ce in tafi, khalas, shi ke nan, ya ji.

Washegari da la'asar aka ce ana nemana a gidansa. Ina shiga na tsaya daga bakin ƙofa. An shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, ana zuba jabana, gahawar nan tamu, ƙanshin citta ya cika wurin. Dattawa biyar, liman, Jibirin, da yayyen Hadizatu maza su biyu. Ita tana can gefe a rakuɓe, ta rufe fuska. Sulhu aka shirya, yadda ake yi in awakin wani sun shiga gonar wani.

Baba Attahiru ya ce ta faɗi abin da aka yi mata. A gaban yayyenta! Wace mace ce za ta buɗe baki? Sai da babban yayan ya daka mata tsawa sannan ta tanka.

"Ba komi," in ji ta.

Jibirin ya yunƙura zai yi magana, aka ce ya bari, tunda ba komi to ba komi. Ko ƙarya zai yi ko gaskiya, har yau ban sani ba, don ba wanda ya tambaye shi. Na buɗe baki in ce ba haka ake yi ba, akwai kwamitin kamfani, akwai ƙa'ida. Liman ya riga ni, ya ce a yi Fatiha. Kowa ya san in an shafa Fatiha a kan magana, wanda ya sake tono ta shi ne mai laifi. Hannuwa suka tashi. Nawa ma suka tashi, wallahi ban san lokacin ba.

Kafin sati labari ya zaga gari. Mata na yi wa Jibirin kallon banza, maza na cewa ita ta ja. Hadizatu ba ta ƙara zuwa aiki ba. Na riƙa kallon gurbinta a layin masu ɗinki, raina na ƙuna, na rasa wanda zan ji haushi in ba kaina ba.

Na same ta a bakin Kogin Shuɗi tana wanki. Na tsuguna kusa da ita ina kuka, na ce har yanzu ana iya rubutawa a kai wa kwamiti, ni zan tsaya mata.

Ba ta ɗago ba. Ta matse zanen da ke hannunta, ta jefa a kwano.

"Mi za ki rubuta? Na ce ba komi, gaban liman." Ta ɗauki wani zanen. "Su ban yi mamaki ba, ya Kausar, aikinsu sunka yi. Ta ƙasan mayahi nike kallo, ina jiran in ga hannu guda da bai tashi ba. Naki nike jira."