Ƙaguwoyi Masu Jan Ɗigo

"Kin yi me?" Bibi Zuhura ta yunƙura za ta tashi, tari ya mayar da ita kan tabarma.

Mwatima, maƙwabciyarta, ta sunkuyar da kai. Tun da ciwo ya kayar da tsohuwar, ita ke kula mata da murjanin da ta dasa a teku, mai rai, wanda ke yin rassa a ƙarƙashin ruwa. Mwatima kuwa akwai tsabtar tsiya, ko tukunyar aro sai ta kankare gindinta. Da ta ga ƙananan ƙaguwoyi maƙale a rassan murjanin, sai ta sa buroshi ta kakkaɓe su tas. Yanzu laka ta lulluɓe shi, ya fara mutuwa. Wahalar shekara tara ke neman bin tsohuwar kabari.

"Na ɗauka ɓarna suke yi, Bibi."

"Ɓarna! Ke dai da za ki samu dama, har ni sai ki goge. Su ke share masa laka, sakarya."

Ta ɗan huta. Ƙamshin kanumfarin da aka shanya a tsakar gida ya cika ɗakin.

"Saurara, numfashina kaɗan ne. Kada ki kwaso masu ruwan ƙasa na bakin gaɓa, ba za su zauna ba. Masu jan ɗigo za ki nemo. Duk tsibirin Pemba ban gan su ko'ina ba sai bayan dutsen da tsuntsaye ke kwana. Ki ɗauko su biyu-biyu, mace da miji. Macen ce mai faɗin ciki."

"Bibi, yau ba zan bar ki ba."

"Ruwa zai janye da hantsi, ba zai sake janyewa haka ba sai sabon wata. Gadina zai hana ni tafiya ne? Tashi, 'yar nan."

Mwatima ta fita zuciyarta na ciwo. Ta yi ta lalube cikin duwatsu har yatsunta suka yi jini, da ƙyar ta haɗa goma sha biyu a bokiti. Tana tsaye a gonar murjanin tsohuwar, ruwa iya ƙugu, tana sakin su, sai ta hango maza huɗu sun fito daga masallaci da makara, sun nufi layinsu.

Ta yi kuka sosai, amma ba ta fito ba, domin saura biyu. Ta sa hannu a hankali ta sake su. Macen ta shige tsakanin rassan, namijin ya tsaya a baki ya ɗaga mata ɗan hannunsa, wai zai kare gidansa.