Ruwan Juma'a a Garken Awaki

Hadda na cikin zuba shayi Si Nawfal ya durƙusa a gindin bangon ɗakinta, ya ɗago ɓallen gilashin da ya manna a kan tsagewar makon jiya. Ya rabe biyu.

"Lalla Hadda, bangon nan bai daina motsi ba."

"Tsufa ne, ɗana. Ni ma ai kullum ƙasa nake yi."

Bai ko murmusa ba. Injiniya ne da aka turo daga Wujda, tun farkon bazara injinsa ke huda titunan Jerada, duk inda aka tarar tsohon ramin kwal ya bar kogo sai a ɗura masa ruwan siminti har ya cika. Duk layin ya lafa, sai gidanta kaɗai ya ƙi.

"Taswirar kamfanin kwal ta ce ramin ya tsaya a bakin masallaci," in ji shi, yana murza idanu. "Mun huda ƙofarki, dutse ne zalla. To me ke jan gidan? In ban gano ba, dole in shafa jan fenti a ƙofa. Kin san abin da ke biyo baya."

Ta sani mana. Motar rusau, sannan wani ɗaki a saman bene inda ko akuya ba za ta hau ba.

Da ya fita, Milud ƙanin mijinta, wanda ke tuƙa musu injin siminti, ya tsaya a baya yana tarin nan na duk wanda ya taɓa shiga rami.

"Tsohuwa, taurin kan nan har yaushe?"

"Sha shayinka ka fita, mai ƙirji kamar tsohon babur."

"Ki nuna masa. Wallahi na gaji da yi wa yaron nan ƙarya, ga shi kullum yana ba ni taba."

"A zuba wa ɗan'uwanka siminti a ka? Da hannunka?"

Milud ya ajiye kofin bai sha ba.

Duk unguwa an sani, ba a dai faɗa. Da kamfani ya rufe, kowane magidanci ya haƙa tasa rijiyar kwal a ɓoye. Buziyan mijinta ya haƙa tasa a cikin garken awaki, don kada jandarma su gani. Wata damina ta rufta da shi. Maza suka yi ta tono har ruwa ya koro su, suka yi masa salla a bakin ramin, suka cike shi da ɓaraguzai, aka ce wa hukuma ya tsallaka Sifaniya. Tun daga nan duk Juma'a, in mata sun tafi maƙabarta yayyafa wa kaburbura ruwa, ita garke take shiga da bokitinta. Wasu kofi guda suke zubawa. Ita kam mijinta na can ƙasa da nisa, sai ta cika bokiti ta ƙara.

Da la'asar ta kishingiɗa, sai ga ƙasa na zubo mata a fuska daga rufi, siririya kamar ana tankaɗe. Ta daɗe tana kallon tsagewar. Ba tsoro ta ji ba, gajiya ce kawai, irin wadda ke sauka har ƙashi. In aka rushe gidan, wa zai san inda yake kwance?

Ta ja mayafi ta leƙa titi. "Milud! Kira min yaron naka."

Ta kore awaki, ta janye wani tsohon kwanon rufi da ke shimfiɗe a ƙasa. Wurin ya lotsa, ya yi baƙi da danshi. Si Nawfal ya tura sandar ƙarfe, ta shige ba tare da ya danna ba.

"Akwai famfon da ke yoyo a nan?"

"Babu. Ni ce nake zubawa. Mijina ne a ciki."

Ya dubi Milud, Milud ya dubi awaki. Injiniyan ya cire hularsa, sannan ya ce a hankali, "Allah ya jiƙansa. Lalla, ruwan ne ke wanke cikon yana tafiya da shi ƙasa. Shi ke jan bangon."

Hadda ta dafa katanga. Wayyo, ashe duk shekarun nan da hannunta take janyo gidan a kansa.

"In kun ɗura, ruwa zai ƙara kai masa?"

"A'a. Ko ɗigo."

Washegari Juma'a ce. Suka shigo da bututu ta ƙofar garke, Milud ya tayar da injin kwaɓi, bai yarda ya haɗa ido da ita ba. Mata na wucewa zuwa maƙabarta da gorunansu, suna leƙe.

Hadda ta fito da bokitinta cike fal, tana tafe tana hutawa. Wani lebura ya miƙo hannu zai karɓa, ta buge hannun.

"Si Nawfal, da wane ruwa kuke kwaɓawa?"

"Na tanki, Lalla."

"To ku rage bokiti ɗaya."

Ta yi bisimilla, ta juye shi a bakin injin, ta tsaya har ya gauraye.

"Milud, saki simintin a hankali," ta ce. "Ka san yayanka ba ya son a firgita shi."